Esansi ya shiga tankin gazuwal na jirgin ruwa, me za a yi?

"Assalamu alaikum. Ina da babban jirgin katako da nake ɗaukar kaya da shi tsakanin Yamai da ƙauyukan sama, wajen Bubon. Injinsa na gazuwal ne, tsohon injin mota mai silinda huɗu aka ɗora masa. Tankin yana cin lita 100, da ragowar kamar lita 30 a ciki. Jiya da magariba ɗan ƙanena da ke mini aiki ya ɗauki bido mai lita 25 ya juye, ashe esansi ne da muka saya wa ƙaramin kwale-kwale. Mun tada injin ya yi kamar minti uku, sai na ji ƙararsa ta sauya, yana fitar da farin hayaƙi, na kashe. Wani abokina ya ce in cika tankin da gazuwal, in ƙara baƙin mai lita ɗaya, zai wuce. Haka ne? Ko injin ya riga ya lalace?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, kuma ka gode masa da kunnenka ya kama sauyin ƙarar da wuri. Tambayoyi biyu ka yi, ko a tsarma man a ci gaba da aiki, da ko injin ya mutu. Amsar ta farko a'a ce, kar a tsarma. Ta biyu kuma, a yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton injinka na nan da ransa. Sai dai akwai ta uku da ba ka yi ba, kuma ita ta fi tayar mini da hankali: wa ya kwana a jirgin nan jiya, kuma wa ke dafa shayi a kusa da shi yanzu? Na yi sama da shekara ashirin ina gyaran injinan gazuwal, na motoci da na ban ruwa da na jirage, kuma abin da na sani shi ne a mota wannan kuskure matsalar aljihu ce, a jirgi kuwa matsalar wuta ce tukuna, injin ya biyo baya.

Wuta kafin inji

Gazuwal mai kyau ba ya ba da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya haura digiri 55. Shi ya sa masu jiragen gazuwal suka saba da sakin jiki, a zubar da kaɗan a goge da tsumma, a kunna sigari a gefen tanki, ba abin da ke faruwa. Esansi, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira fetur, yana ba da wannan tururin tun daga digiri 40 ƙasa da sifili, sanyin da ba mu taɓa gani ba a ƙasar nan. Ke nan a kowace sa'a, dare da rana, yana hucin da ke jiran tartsatsi. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba sama yake tashi ba, gangara yake yi kamar ruwa. A mota yana sauka kan titi iska ta kwashe shi. Jirgi kuwa akushi ne, ba ƙofa a ƙasansa. Tururin sai ya kwanta a gindi, ƙarƙashin katakan daɓe, daidai inda batir yake da wayoyin da aka ɗaure da leda. Kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wurin ya zama tururin esansi ya isa ya tashi.

Ga wani abu da ko makanikai da yawa ba su lura da shi ba. Tankin da ke ɗauke da esansi zalla, tururin da ke samansa ya yi kauri, iska ta yi masa kaɗan, shi ya sa wuta kan kama a bakinsa, ba a cikinsa ba. Na gazuwal zalla kuma tururin bai kai ba. Amma gazuwal da aka ɗan taɓa da esansi, kashi biyu ko biyar cikin ɗari, shi ke ba da cakuɗen da ya yi daidai da fashewa a cikin tankin kansa. Ka ga ke nan tsarmawa ba ta kore haɗarin, wani lokaci ma kusanto da shi take yi. Ƙara da cewa injin gazuwal ba ya ƙone duk man da ya ja, yana mayar da saura tanki ta tiyon komawa, da ɗumi. Awa ɗaya ana tafiya a ranar watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 a inuwa, tankin ya zama tukunya a kan murhu.

To tun kafin ka gama karanta wannan, aika a fitar da kowa daga jirgin. Ba sigari, ba gawayin shayi, ba ashana, ba fitilar aci-bal-bal. Kar a murɗa makulli ko don a gwada, domin a wasu injinan murɗawar farko kaɗai tana tada ƙaramin pompo na lantarki ya tura mai. A rufe bawul ɗin da ke bakin tanki in akwai. A ɗaga katakan daɓe, a yaye tamfol, iska ta ratsa. Ka durƙusa da kanka ka kai hanci can ƙasa, kusa da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi, don a tsaye ba za ka ji komai ba. In akwai wari, kar a taɓa batir, cire wayarsa ma na iya ba da tartsatsi. A kwashe ruwan gindin da kwarya ko bokitin roba, a yi fifita da kwali har warin ya tafi, sannan a kashe komai a cire wayar baƙa, wato ta ragi, ita ce farko. A ajiye bokitin yashi biyu a kusa, da abin kashe wuta na gari in ana da shi. Ruwa ba ya kashe wutar esansi, ɗaukarta yake ya yaɗa ta, kuma a kogi har kan ruwan take ci ta nufi jirgin maƙwabci. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ka tabbata yaranka sun san ta.

Abin da esansi ke yi wa injin

Injin esansi yana shaƙar mai da iska tare, buji ya ba da tartsatsi, su kama. Don haka aka yi esansi ya zama mai taurin kai, ba ya kamawa don matsi kawai. Injin gazuwal ba shi da wannan bujin. Iska zalla yake matsewa, ninki 16 zuwa 22, har ta yi zafin gaske, sai injekta ta fesa mai ya kama da kansa nan take. Da aka ba shi esansi sai kamawar ta yi jinkiri, mai ya taru a silinda, sannan ya tashi gaba ɗaya ba a kan lokaci ba. Wannan ita ce ƙarar da ka ji, kamar ana buga guduma a ƙarfe, farin hayaƙin kuma man da bai ƙone ba ne. In aka matsa wa injin da kaya a wannan hali, fistan da zobbansa da bakin injekta su ke shan wahala.

Amma ɓarnar da ta fi tsada shiru take yi. Ɗiga gazuwal a yatsa ka murza, za ka ji santsi. Yi haka da esansi, yatsan zai bushe ya yi fari. Ƙarafan da ke cikin pompon mai, wanda muke ce wa pompo injeksiyo, an daidaita su da juna da tazarar da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma gazuwal ɗin da ke wucewa shi ne man shafawarsu. Esansi yana wanke wannan santsin, ƙarfe ya shiga cin ƙarfe, garin ya bi mai zuwa injektoci, saura ya koma tanki ya sake zagayowa.

A nan ne irin injin ke da muhimmanci. Tsofaffin pompo iri biyu ne. Akwai mai layi, wanda tiyoyin ƙarfensa ke fitowa a jere a samansa, shi ƙasansa da baƙin mai yake aiki, ya fi haƙuri. Akwai mai juyi, wanda tiyoyin ke fitowa a zagaye ta bayansa, irin na yawancin ƙananan motocin da, shi kam cikinsa duka gazuwal ke shafa shi, haƙurinsa kaɗan ne. Sai sababbin injina masu kwamfuta, da ake kira komon rel, masu matsa mai har bar 1,600 zuwa sama da 2,000 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne). Waɗannan ko minti kaɗan na iya jawo sauya pompo da injektoci da wanke hanyar mai kaf. Naka tsoho ne, ya yi minti uku a tsaye ba kaya, kuma a farkon mintunan gazuwal ɗin da ke cikin filta da tiyo yake ci. Cakuɗen bai daɗe da isa pompo ba ka kashe. Shi ya sa nake da kyakkyawan zato.

Shawarar abokinka

Ba daga iska ya ɗauko ta ba. A ƙasashen sanyi, littattafan wasu tsofaffin motocin gazuwal sun yarda a zuba ɗan esansi ko kananzir da hunturu don kar gazuwal ya daskare. Nan ma an sha ganin direban babbar mota da aka zuba wa lita biyu ko uku cikin tanki mai lita 200, ya cika ya wuce lafiya. Amma mu yi lissafin naka. Lita 25 a kan lita 30, jimla 55, kusan rabi esansi ne. Ka cika tankin maƙil, ya zama kashi 25 cikin ɗari. Kafin ya sauka zuwa kashi 5 sai jimlar man ta kai lita 500, tanki biyar irin naka. Kuma man nan biyu ba kamar ruwa da mai ba ne da za a jira ɗaya ya taso a kwashe, narkewa suke cikin juna kamar sukari a shayi. Baƙin mai lita ɗaya zai ɗan dawo da santsi, amma ba ya gyara yadda man ke kamawa a silinda, ba ya kuma rage tururi ko kaɗan. Haka in ma bidon an riga an haɗa shi da man ƙaramin injin kwale-kwale, wannan kashi biyu ne kawai cikin ɗari, bai kai ya ceci komai ba.

Na san lita 55 kuɗi ne, ba na raina su. Amma wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Shekarun baya an kira ni wani jirgi can ƙasa da Saga, mai shi ya bi irin wannan shawarar, ya yi yini guda yana jigilar buhuna. Washegari injin ya ƙi tashi da zafi, sai ya huce. Na kwance filta na juye abin da ke ciki a farin kwano, na fito da shi rana na karkata. A gindin kwanon sai ga wani abu yana ƙyalli, laushi kamar kwalli. Na naɗe maganaɗisu a farin ƙyalle na zagaya cikin man, ƙyallen ya fito da baƙin gemu. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malam, yashi ne?" Na ce masa a'a Alhaji, pomponka ne. Mako uku jirgin na ɗaure a lokacin da ruwa ya cika kowa na samu, kuɗin gyaran kuma ya ninka na man da ya ji tausayi sau da yawa. Kuma shi a tudu ya gano. Da injin ya mutu masa a tsakiyar kogi lokacin cikar ruwa, da kaya da mutane, igiyar ruwa na jan sa, da wani zance ake.

Yadda za a kwashe

Ka zaɓi sassafe, bayan gari ya waye sarai, kafin ƙarfe ya ɗau zafi. Kar a yi da dare da fitila. A ja jirgin nesa da sauran jirage da masu wanki da masu toye-toye. In tankin ganga ce ko wanda ake kwancewa, a rufe bakinsa, a cire tiyoyi a toshe su, a fito da shi tudu, lita 55 bai kai kilo 45 ba, mutum biyu sun isa. In a kafe yake, sai pompon hannu, ko irin roban nan da ake matsawa a tiyon ƙaramin kwale-kwale, ya isa aikin ko da zai ɗau lokaci. Ban yarda da pompon lantarki ba, ko na batir, ko injin ban ruwa, sai wanda aka ƙera musamman don esansi.

Kar kowa ya ja da baki. Na faɗi wannan da zafi saboda ya faru da yarona a garaji. Ya zuƙa, ya shaƙe, ya yi tari ya ce ba komai. Da dare zazzaɓi ya rufe shi numfashi ya gagara, ya kwana biyar a asibiti. Ɗigon esansi da ya shiga huhu ya fi wanda ya shiga ciki illa nesa ba kusa ba. In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, kar a sa shi amai, kar a ɗura masa madara ko manja, a kai shi likita.

Bidon da za a zuba a ciki ya zauna a ƙasa, kan damshin gaɓa, tiyon kuma ya kai har gindinsa don kar man ya riƙa faɗowa yana kumfa. Lokacin hunturu da iska ta bushe, roba da rigar leda suna tara lantarkin da kan ɗan fisgi mutum in ya taɓa ƙarfe, wannan ɗan tartsatsin ya isa. Kar a cika bido har wuya, a bar masa wurin numfashi, a rufe a kai inuwa.

Bayan man ya ƙare, tankin ya fi kowane lokaci haɗari, don iska ta shiga ta maye gurbin man. Ba leƙawa da ashana, ba walda, ba bugu da ƙarfe. Tiyon da ke jan mai ba ya kai wa ƙasan tanki, kullum akwai lita ɗaya ko biyu da ke saura, sai a karkata shi ko a kwance ƙusar ƙasa. A zuba gazuwal mai kyau lita biyar, a girgiza, a kwashe, a maimaita. Sannan a cika shi sosai, domin ɗan abin da ya rage ya ɓace a cikin mai yawa, wurin tururi kuma ya ragu.

Sai hanyar mai. A sauya filta duka, har da na raba ruwa in akwai, amma kafin a jefar da tsohon a yi masa gwajin farin kwano da maganaɗisu. In ka ga ƙyalli, tsaya nan, a kwance pompo da injektoci a kai wa masu na'urar gwajinsu. In man ya fito tas, a cire tiyon komawa daga tanki a sa bakinsa a kwalba, a sassauta ƙusar fitar da iska, a yi ta danna ƙaramin pompon hannu na jikin injin har kumfa ta ƙare, warin esansi ya ɓace. A tsohon inji irin naka ana sassauta goron tiyoyin injekta a juya injin kaɗan su tofar da abin da ke ciki, da tsumma a kai, hannu a nesa, don feshin yana huda fata. A komon rel ba a yin wannan sam. Ka zaro sandar baƙin mai ka duba, in ya haura alamarsa ko yana warin esansi a yi juye. Ni ko bai nuna ba nakan yi, don araha ne.

Gwaji mai sauƙi kafin tadawa: ɗiga man tankin a farar takarda, ka ɗiga gazuwal da ka amince da shi a gefe. Esansi yana bushewa nan da nan, gazuwal yana barin tabon maiƙo mai daɗewa. Hanci ma shaida ne. Launi kam kar ka dogara da shi, balle a bidon da ya sha rana, balle man ruwa-ruwa da ba ka san hannu nawa ya bi ba.

Sake shinshina gindin jirgi, mayar da batir, tada injin yana ɗaure. Bar shi a ralanti, wato yana juyi a hankali ba a ƙara masa wuta ba, kamar minti ashirin, lita ta farko da ta fito ta tiyon komawa ta tafi kwalba, sannan a mayar da tiyon. Hayaƙi zai yi ɗan fari ya washe. Daga nan a zagaya kusa da gaɓa ba kaya. Abin da za ka sa wa ido a makonnin da ke tafe shi ne wuyar tashi in injin ya yi zafi, raguwar ƙarfi, rawa a ralanti, da ɗigon mai a jikin pompo, don esansi na taɓa robobin da suka tsufa. A sake sauya filta bayan tafiya biyu ko uku. Daga nan inda nake ba na jin ƙarar injinka, ban kuma ga irin pomponsa ba, saboda haka in ɗaya daga cikin alamun nan ya bayyana, hukuncin makanikin da ya sa hannu a kai ya fi nawa.

Man da aka kwashe

Kar ya shiga kogi, ko cokali. Ruwan da Yamai ke sha daga kogin nan ake jan sa a Gudel, Sarkawa a cikinsa suke kamun kifi, shinkafar Saga da Kirkisoye da shi ake ban ruwanta. Kar kuma a sayar wa wani a matsayin gazuwal, kar a ba mata su hura wuta ko su zuba a fitila ko risho, nan ne yake kisa, don a ido kamar kananzir yake. A rubuta a jikin bidon da manyan baƙaƙe, a ɗaura masa jan ƙyalle saboda wanda bai iya karatu ba. Mafi sauƙi ka kai wa garajin da ka sani, ka faɗa musu gaskiyar abin da ke ciki. Tsohuwar motar esansi mai kafireto tana iya shanye shi kaɗan-kaɗan, lita ɗaya a cikin esansi lita ashirin, amma ban da babur, ban da sabuwar mota, ban da injin kwale-kwalen da rayuka ke kansa.

Shi kuma yaron, Alhaji, ka sassauta masa. Bidon nan masu ruwan ɗorawa na man girki duk kamarsu ɗaya, da su muke ɗebo ruwa, da su muke sayen esansi da gazuwal, ga magariba ta yi. Ni kaina na taɓa ɗaukar wanda ba shi ba, wari ne ya tsayar da ni. In ka yi masa tsawa yau, ranar da ya sake kuskure ɓoyewa zai yi, kuma ɓoyayyen esansi a tankin jirgi shi ne abin tsoro. Sa shi ya riƙe maka tiyo gobe da safe ya ga aikin da idonsa. Ka sayi fenti ja ka shafa wa duk bidon esansi wuya da murfi, ka ware musu wuri a gaban jirgi nesa da injin, na gazuwal su zauna a baya, kuma duk wanda zai zuba mai ya buɗe ya shinshina, ya ɗiga a yatsa ya murza, kafin ya kafa mazurari.